Alƙalamin miliyoyi: Yadda Japan ke mayar da garin zinare dukiya, da abin da Tungar Daji ta gani a tata ƙurar

A watan Disamban 2000, gidan gwanjo na Bonhams da ke Landan ya sayar da wani alƙalami guda ɗaya kan fam 183,000. An ƙera shi ne a Japan kimanin shekara 70 kafin ranar, kuma a jikinsa akwai zanen dodanni biyu na tatsuniyoyin ƙasar, waɗanda aka fitar da garin zinare a kan baƙin shafe mai sheƙi.

Irin waɗannan alƙaluma masu shan tawada har gobe ana yin su. Wanda aka yi wa shafe kawai ba tare da zane ba yakan kai ɗaruruwan daloli. Manyan da aka ƙawata da zinare kuwa suna haura dala 10,000, kuɗin da zai sayi babura da dama a kasuwar Gummi.

Abin mamakin shi ne zinaren da ke jikin alƙalamin bai taka kara ya karya ba. Bakin rubutun ne kawai ake yi da zinare mai karat 14 ko 18, sai ɗan garin da aka barbaɗa a jiki. Sauran kuɗin duk ladan hannu ne da lokaci da suna.

Wannan labari ya shafi mutanen yammacin Zamfara ta fuska biyu. A Anka da Bukkuyum ana haƙo zinare, kuma an san abin da ƙurarsa ta jawo a 2010. Sannan yanki ne da ɗan tsangaya ke fiƙe alƙalaminsa da kansa tun kafin biro ya shigo ƙasar Hausa.

Ƙaron da ba ya bushewa sai da laima

Shafen da ake yi wa waɗannan alƙaluma sunansa urushi. Ruwan wata bishiya ce da ke fitowa a Japan da Sin da Koriya, kuma danginta ɗaya da mangwaro da kashu. Duk wanda man ɓawon kashu ya taɓa ƙona wa leɓe zai gane halinta, domin ɗanyen urushi yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje masu tsanani idan ya taɓa fata. Masu koyon sana'ar sukan sha wannan wahala kafin jikinsu ya saba. Idan ya riga ya daskare sarai, sai ya zama abin da ake cin abinci a cikinsa.

Ana tatsar bishiyar ne kamar yadda ake tsaga ɗakwara don samun ƙaro. Sai ta shekara 10 zuwa 15 kafin a fara. Daga watan Yuni zuwa Oktoba, wato daidai lokacin daminar Zamfara, mai tatsa yana zagayawa yana yi wa ɓawon ƙananan tsagu, yana kwashe abin da ya tsattsafo da ɗan cokali. Bishiya ɗaya ba ta ba da abin da ya wuce kimanin giram 200, bai ma cika kofin shayi ba. A tsarin da aka fi bi a Japan, da kaka ta ƙare sai a sare ta, a jira tohon da zai fito daga kututturen.

Halin urushi ya saɓa wa na fenti. Fenti yana bushewa ne idan iska ta ɗauke ruwan da ke cikinsa. Shi kuwa urushi sai ya sami ɗumi da laima mai yawa, wajen kashi 70 zuwa 85 cikin 100, sannan wani sinadari da ke cikinsa ya sa ya daskare. Shi ya sa ake ajiye kayan da aka shafa a cikin akwatin katako da aka jiƙa bangonsa. Da za a shafa shi a Anka cikin hunturu, sai ya daɗe yana danƙo bai kama ba.

Idan ya kama kuwa, ruwa ba ya ratsa shi, gishiri da tsami ba sa cin sa. A wani tsohon mazauni da ake kira Kakinoshima a tsibirin Hokkaido, an tono kayan da aka shafa wa jan urushi da aka ƙiyasta sun kai shekara 9,000.

Yadda ake barbaɗa zinaren

Fasahar zanen sunanta maki-e, ma'ana hoton da aka barbaɗa. Ta bunƙasa tun zamanin Heian, tsakanin 794 da 1185, lokacin da ake ƙawata akwatunan rubutu da kayan fada da ita.

Da farko ana shafa wa jikin alƙalamin urushi siriri, a sa shi a akwatin laima, a fito da shi a goge da gawayi, a sake shafawa. Haka za a yi ta maimaitawa sau da yawa. Bayan nan mai zane zai ɗauki buroshi mai tsinin gashi ya zana abin da yake so da ɗanyen urushi, ko tsuntsu ko kifi ko dutsen Fuji.

Kafin zanen ya daskare sai ya ɗauki ɗan bututun gora da aka rufe bakinsa da ƙyalle mai laushi, ya zuba garin zinare a ciki, ya riƙa ƙwanƙwasa shi da yatsa. Garin yana sauka ya manne a inda urushi yake. Abin da ya zuba a gefe ana share shi da buroshi a mayar cikin mazubinsa, ba a barin ko ƙwayarsa ta tafi a banza.

Salon ya kasu uku. Akwai wanda ake barin zanen a shimfiɗe. Akwai wanda ake binne zanen gaba ɗaya da sabon shafe, sannan a goge da gawayi a hankali har zinaren ya sake bayyana daidai da fuskar alƙalamin. Akwai kuma wanda ake tada zanen ya yi tudu, har yatsa ya ji shi. Wasu suna ƙarawa da gutsattsarin ɓawon katantanwar teku mai walƙiya.

Alƙalami ɗaya yakan ci watanni. Babban abin da masu wannan aiki ke gudu shi ne ƙura, domin ƙwaya ɗaya idan ta faɗa kan ɗanyen shafe za ta bar tabo. Saboda haka ɗakin shafen ƙarshe a rufe yake, ba kowa ke shiga ba. Idan an gama, mai zanen yana sa sunansa a jikin alƙalamin.

Matsalar roba ce ta haifar da sana'ar

Ba don ado aka fara shafa wa alƙalami urushi ba. A 1918 wani injiniyan jirgin ruwa mai suna Ryosuke Namiki da abokinsa Masao Wada suka kafa kamfanin yin alƙaluma a Tokyo. A wancan zamani ana yin jikin alƙalami ne da wata baƙar roba mai tauri da ake haɗawa da farar wuta. Illarta ita ce rana da gumi suna sa ta koɗe, ta koma ruwan ƙasa tun tana kanti.

Sai kamfanin ya koma ga abin da kakanninsu suka sani, ya shafa mata urushi, ya kuma yi wa dabarar rajista a 1925. Da aka ga shafen ya zauna, sai aka gayyato masu zanen maki-e. A 1926 Gonroku Matsuda, ɗan birnin Kanazawa, ya shiga aikin, kuma a 1931 ya haɗa ƙungiyar masu zane ta Kokkokai, wadda har yanzu ita ke yi wa kamfanin zane.

A 1930 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Alfred Dunhill na Landan, aka riƙa sayar da alƙaluman a Turai da sunan Dunhill-Namiki. Wanda aka yi gwanjonsa a 2000 ɗaya ne daga cikinsu. A 1938 kamfanin ya koma amsa sunan Pilot, amma ya bar sunan Namiki a kan alƙaluman zane. Kamfanonin Sailor, da aka kafa a 1911, da Platinum, da aka kafa a 1919, su ma suna yin nasu. A 1999 jikan wanda ya kafa Platinum ya buɗe Nakaya, ƙaramin kamfanin da ke yin alƙaluma da hannu.

Abin lura a nan shi ne sunan Namiki ya bi kayansa har Turai. Jar fatar akuyar Sakkwato ba ta yi wannan sa'a ba. Ɗaruruwan shekaru ana jeme ta a ƙasar Hausa, fatake suna ratsa Sahara da ita, amma da ta isa Turai sai aka san ta da sunan fatar Maroko.

Ƙurar da ta shiga gidaje

A Tungar Daji da ke Ƙaramar Hukumar Anka, garin zinare ya zo da wani labari daban.

Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, farashin zinare ya yi tashin gwauron zabi, har ya haura dala 1,000 kan kowane oza. Manoman da a da rani ke zama lokacin zaman jira gare su, sai suka ga hanyar samu a ƙarƙashin ƙafarsu. Aka riƙa ɗauko duwatsu daga ramuka a buhuna ana kawowa cikin gari, ana farfasa su da guduma, ana daka su a turmi, ana niƙa su da injin niƙan hatsi, sannan a wanke a kama zinaren da sinadarin zaiba.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne wasu daga cikin duwatsun cike suke da dalma. Ƙurar niƙan ta sauka a tsakar gida, a kan tabarmi da hatsin da aka shanya, da ƙasar da yara ke rarrafe a kai suna kai hannu baki.

A watan Maris na 2010, ƙungiyar likitoci Na-gari Na-kowa, MSF, ta lura da yadda ƙananan yara ke mutuwa bayan sanƙarewa da suma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba sa yi musu aiki. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Aƙalla yara 400 ne suka rasu, dubbai kuma suka kamu. A wasu gidajen, dalmar da aka auna a ƙasa ta haura kashi 10 cikin 100.

Likitoci sun bayyana cewa ba wa yaro maganin fitar da guba ba zai yi amfani ba idan za a mayar da shi gidan da ya gurɓata. Don haka sai da aka fara kankare ƙasar gidaje ana zubo sabuwa. Kamfanin TerraGraphics na Amurka da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan Gwamnatin Zamfara da mutanen garuruwan, suka fara da Dareta da 'Yargalma. Daga baya aka shiga Abare da Sunke da Duza da Tungar Guru da Tungar Daji, aikin da aka kammala a 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka kai gare ta, bayan an yi ta kiraye-kiraye kafin Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin.

A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a Shikira da ke Jihar Neja. A 2022 MSF ta miƙa aikin kula da masu gubar ga hukumomin Zamfara. Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilun 2019 saboda matsalar 'yan bindiga, ta kuma ɗage haramcin a watan Disamban 2024.

Ba ana cewa zinaren Anka ne ake barbaɗawa a Japan ba. Bambancin da ke tsakanin wuraren biyu shi ne abin dubawa. A can, zinare yana isa hannun mai zane ne a tace, ana aiki da shi a keɓantaccen ɗaki, kuma ana sayar da shi bayan an ninka darajarsa. A nan kuwa, mafi haɗarin ɓangaren aikin shi ne ya rage wa ƙauye, zinaren kuma ya fita ɗanye ta hannun dillalai.

Matakan kariyar da aka koya wa masu haƙa ba su da tsada. A fitar da niƙa daga cikin gari, a riƙa yayyafa ruwa lokacin farfasawa da niƙa don kada ƙura ta tashi, a yi wanka a sauya tufafi kafin a koma gida, kada a bar yara su kusanci wurin. Yanzu da aka buɗe haƙa, waɗannan su ne abin da rayuwar yara ta rataya a kai.

Alƙalamin gamba da tawadar bagaruwa

Ƙasar Hausa ma tana da nata alƙalamin, kuma Zamfara ba baƙuwa ba ce a harkar. Shehu Usman Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana karantarwa da wa'azi a ƙasar Zamfara tun kafin jihadin 1804, kuma littattafan wancan zamani duk da hannu aka kwafe su.

Alƙalamin tsangaya da karan gamba ko na dawa ake yin sa. A zaɓi wanda ya ƙosa ya bushe, a fiƙe shi da aska ko reza, a tsaga bakin don tawada ta riƙa gangarowa, a yanke tsinin gwargwadon kaurin rubutun da ake so. Wannan tsaga ita ce dai ake gani a bakin alƙalamin zinare na Japan, kuma aiki ɗaya suke yi.

Tawada ma iri-iri ce. Ta allo da gawayi da ƙaro ake haɗa ta, shi ya sa take wankuwa. Ta takarda kuwa, wadda ake so ta daɗe, akan dafa 'ya'yan bagaruwa a haɗa da ƙarfe ko kashin maƙera, sai ta yi baƙi ta kama takarda. A nan ma ruwan bishiya ne ke riƙe launi, kamar yadda urushi ke riƙe zinare.

Alaramman da zai rubuta Alƙur'ani yakan yi watanni a kai. Baƙaƙen da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da ɗorawa, alamar wasali mai haɗewa da kore. Sannan a zo kan zayyana a farkon surori da wuraren hizbi da rubu'i da sumuni. Tsofaffin kwafi da yawa an rubuta su ne a kan takarda mai tambarin wata uku da fatake ke kawowa daga Italiya. Idan an gama sai baduku ya yi masa tadarishi da gafaka. Allon zayyanar da ake yi wa mai sauka shi ma aikin gwanaye ne.

A Kano, marigayi Sharif Bala Gabari ya shahara da kyan rubutu, kuma Alƙur'anin da ya rubuta da hannunsa an buga shi a maɗaba'a ya yaɗu a kasuwannin Afirka ta Yamma. Sai dai irinsa da aka san sunansu kaɗan ne. Masu zayyana da masu haɗa tawada da dukawan gafaka akasari suna aiki ne ba tare da sunansu ya fita daga unguwarsu ba.

Alƙalamin gamba ba zai taɓa kai farashin na Namiki ba, kuma ba don haka aka yi shi ba. Darajarsa tana cikin abin da yake rubutawa. Amma sana'o'in da ke kewaye da shi suna da kasuwa, kuma suna fuskantar barazana. Bugun maɗaba'a ya fi araha, tawadar kanti ta fi sauƙin samu, matashi kuma yana ganin ramin zinare ko acaɓa sun fi kawo kuɗin yau. A ƙauyukan da rashin tsaro ya tarwatsa, malamai da almajiransu sun yi ƙaura, wasu sun bar littattafai a baya.

Su ma Japan sai da suka tashi tsaye

Sana'ar urushi ba ta tsira da kanta ba. Roba da fentin zamani sun ƙwace mata kasuwa, har da wani shafe mai araha da ake yi da man ɓawon kashu. Fiye da kashi 90 cikin 100 na urushin da Japan ke amfani da shi daga waje ake shigo da shi, akasari daga Sin. Mafi yawan na cikin gida daga yanki ɗaya yake fitowa, wato Joboji a lardin Iwate, kuma masu tatsar sun tsufa sun ragu.

Gwamnati ta ɗauki matakai. A ƙarƙashin dokar kare kayan al'adu ta 1950, ana zaɓar gwanayen sana'a a ba su matsayin da jama'a ke kira rayayyun taskokin ƙasa, tare da tallafin yen miliyan 2 a shekara don su ci gaba da aiki su kuma koyar da na baya. Gonroku Matsuda yana cikin waɗanda aka fara ba wa matsayin a 1955. A 2015 hukumar al'adu ta ƙasar ta ba da umarnin a riƙa amfani da urushin gida wajen gyaran tsofaffin gine-ginen tarihi, abin da ya samar wa masu tatsa tabbatacciyar kasuwa, aka koma dasa bishiyoyi. A 2020 UNESCO ta sa tatsar urushi cikin fasahohin kula da gine-ginen katako na Japan da ta amince da su a matsayin gadon ɗan Adam.

Duk da haka jarrabawa ba ta ƙare ba. A ranar 1 ga Janairun 2024 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.6 ta afka wa yankin Noto. Garin Wajima, cibiyar sana'ar da ke yi wa wasu kamfanonin alƙaluma shafe, ya yi mummunar asara. Gobara ta cinye tsohuwar kasuwar safiya ta garin, ɗakunan aiki da dama suka rushe. Da yake aikin Wajima hannu-hannu ne, wani ya sassaƙa, wani ya yi shafen ƙasa, wani na sama, wani zane, rasa mutum ɗaya yana tsayar da sauran. An gina musu wuraren aiki na wucin gadi don kada su watse.

Abin da ya rage ga Zamfara

Babu ɗaya daga cikin matakan Japan da ya fi ƙarfin jiha ko masarauta. Ana iya tattara sunayen alarammomi masu rubutu da masu zayyana da dukawa a Anka da Gummi da Bukkuyum. Ana iya sayen aikinsu a matsayin kyautar musabaƙa da ta manyan baƙi, a maimakon kayan da aka shigo da su. Ana iya ɗaukar nauyin masu koyo, a kuma ƙarfafa wa kowane gwani ya sa sunansa da garinsa a jikin aikinsa.

A ɓangaren zinare kuwa, buƙatar ta fi gaggawa: wuraren niƙa a bayan gari, ruwan da za a kashe ƙura da shi, da gwajin jinin yara a asibitocin yankin a kai a kai.

Likitoci sun yi gargaɗin cewa dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma magani yana fitar da gubar ne kawai, ba ya mayar da abin da ta riga ta lalata. Yaran Tungar Daji da Dareta da Abare da aka yi wa magani a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata. Wasu a cikinsu karatu yana yi musu wuya, ko na allo ko na boko, kuma suna buƙatar sana'ar da za su riƙe wadda ba za ta mayar da su cikin ƙurar da ta kashe 'yan uwansu ba.